Abin da Sallau Direba Ya Hana Maigidansa

An taɓa yin wani mutum, direban babbar mota, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don ina faɗa wani zai ce ai garinsu ne, ya tashi yana gyara mini labari. Ku matso kusa. Ku na jikin katanga, ku bar cinikin lodin nan sai an tashi, motar ba za ta gudu ba. Kai mai jar hula, don Allah kashe wayar nan. Tun da muka sallame La'asar take kuka.

Wannan bawan Allah sunansa Sallau. Ba malami ba ne, karatunsa iyakar abin da zai yi salla da shi. Tirela yake ja wa wani Alhaji mai motoci da yawa, suna dakon kayan wani kamfani daga kudu zuwa arewa. Abin da aka san shi da shi a garejin nan abu biyu ne. Na farko, ba ya hanawa. Ka ce Sallau ara mini jak, ya ce ɗauka. Ka ce tayata ta fashe, ya kwance safayarsa ya ba ka, shi ya tafi haka nan. In motarka ta mutu a daji kowa ya wuce yana ɗaga maka hannu, Sallau ne zai tsaya. Matarsa Asabe har ta gaji da sayen bargo, don duk tafiyar da ya yi sai ya dawo babu, ya bai wa wani mai jin sanyi.

Na biyu, ba ya shan komai. Goro ne kawai, shi ma ɓari guda. In barci ya zo masa a hanya sai ya gangara gefe, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya kwanta. Saboda haka kullum shi ne na ƙarshen isowa. Abokan aiki suka sa masa suna Sai-Gobe. Alhaji kuwa duk dawowa sai ya yi masa faɗa, ya ce wasu sun je sun dawo sun sake komawa, kai kana hanya kamar mai jan jaki. Sallau ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe, ido ne ya ƙi."

Ana nan, sai kamfanin da ke bai wa Alhaji kwangila suka ce haɗarin ya yi yawa, suka fito da doka. Duk direban da zai ja kayansu sai an gwada shi, kuma ba za a faɗi ranar ba. Barasa, akwai wani ɗan abu da mutum zai hura wa iska ya nuna. Ƙwaya da wiwi kuwa a fitsari ake gane su. Ku yi mini afuwa, a masallaci muke, amma sunansa ke nan, ba ni da wani. Wanda aka samu da abu a jikinsa a sauke shi daga mota, ya je ya nemi magani, in ya warke a sake gwada shi. Mai motar da ya bar irin wannan direba ya hau hanya, a karɓe kwangilar.

To, ku gaya mini, ina laifin wannan doka? Mota ce mai nauyin gida guda, a hannun mutum ɗaya, tana ratsa kasuwa, tana ratsa ƙauye. An ce a duba ko mai riƙe da sitiyarin yana cikin hayyacinsa. Ina zalunci a nan?

Amma ku ji abin da aka yi. Wani na cikin ofis ya tsegunta wa Alhaji ranar da masu gwaji za su zo. Alhaji ya tara direbobinsa ya ce, "Makon gobe suna tafe. Kowa ya san yadda zai yi." Ku saurara da kyau. Bai ce kowa ya daina ba. Bai ce wa ke da matsala in kai shi asibiti ba. Ya ce kowa ya san yadda zai yi.

Kafin a watse, duk ido ya koma kan Sallau.

Wani matashin direba ya biyo shi gindin motarsa da 'yar kwalba a aljihu. Ya ce, "Baba Sallau, wani ɗan taimako za ka yi mini."

Sallau ya ce, "Me ya lalace? Birki ne?"

Ya ce, "A'a, in ka tashi kewayawa, ka ɗan zuba mini a nan."

Sallau ya dubi kwalbar, ya dubi mai kwalbar, ya zaci wasa ne, ya yi dariya. Kafin azahar wani ya zo, wani ya zo, har da mai robar lemo. Kuna dariya? Dariyar me kuke yi? Magidanta ne fa, masu mata da 'ya'ya, wasu da furfura, suna bin mutum da kwalba suna roƙon abin da ake wanke hannu in an taɓa. Abin da in ɗigo ɗaya ya taɓa wandonka ba ka salla da shi, shi za ka ɗaure a cinya ka yi yawo da shi. Wannan abin kuka ne, ba na dariya ba.

Da Sallau ya ga da gaske suke, sai ya ce, "Ku yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba."

Suka ce, "Kai da kake ba da taya?"

Ya ce, "Taya in na ba ka, gida za ta kai ka. Wannan in na ba ka, ban san inda zai kai ka ba, ban kuma san wa za ka tarar a hanya ba."

Suka ce mugu ne, ashe duk kyautar nan ta neman suna ce. Suka watse, kowa ya je ya nemo nasa a wani wurin. Sallau ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe babbar ba ta zo ba.

Akwai wani dattijo a garejin, sunansa Barau, shi ne babban direba. Shi ya tsinci Sallau a tasha yana tura baro, maraya, ba uwa ba uba. Shi ya ɗora hannunsa a sitiyari, shi ya yi masa lasin, shi ya je ya karɓo masa auren Asabe. In an tsaya salla a hanya, Barau ake turawa gaba. Ba wanda zai taɓa kawo shi a wannan magana.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga Barau a ƙofar gidan Sallau. Sallau ya yi sauri ya shimfiɗa masa tabarma a soro, shi ya zauna a ƙasa, Asabe ta aiko da fura. Barau bai taɓa furar ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalba ya ajiye a tsakaninsu.

Sallau ya dubi kwalbar. Ya ce, "Maigida, ta wa ce?"

Ya ce, "Tawa ce."

Ya ce, "Maigida, kai?"

Barau ya ce, "Bayana ne, Sallau. Ka san tun faɗuwar da na yi daga kan lodi ba ni da baya. Wani mai kemis ya ba ni ƙwaya, ya ce in sha ɗaya. Na sha na ji daɗi, ga shi ba na jin barci. Ɗaya ta daina yi mini, na ƙara. Yanzu in ban sha ba ko takalmi ba na iya sawa. Ba wanda ya sani, ko Dije da muke ɗaki ɗaya. Ba zan iya buɗe baki in roƙi yaran nan ba. Kai ne nawa."

Ku saurara, jama'a. Nan ne jarrabawar take. Hana wanda ba ka haɗa komai da shi ba, kowa zai iya. Wannan mutumin da ya mai da shi mutum ne, ya zo har gida, ya tona wa kansa asiri, yana roƙon abin da ba zai rage wa Sallau komai ba.

Sallau ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa. Ya ce, "Maigida, ka ce in ba ka gidan nan, wallahi yau zan kwashe kayana. Ka ce in riƙa yi maka tafiyarka kana kwance a gida, zan yi. Mu tashi yanzu in raka ka asibiti, ba wanda zai ji. Amma wannan, ka yafe mini."

Barau ya ce, "Shekara nawa ina tuƙi, ka taɓa ganin na kayar da mota?"

Ya ce, "Ban taɓa ba. Amma kai ka koya mini cewa in ido ya yi nauyi a sauka. Ka taɓa marina a kan haka, Maigida. In na ba ka, ka hau hanya wani abu ya faru, da hannuna aka yi."

Barau ya ɗauki kwalbarsa ya miƙe. Ya ce, "Na gode. Ashe renon da na yi ke nan." Ya fita ko sallama babu. Asabe da ke jin komai ta bayan ƙofa ta leƙo ta ce, "Malam, ka san abin da gari zai ce?" Ya ce, "Na sani." Ta ce, "To, Allah ya ba mu ikon ɗauka."

Washegari Alhaji ya aiko a kira shi. Labarin masu kwalabe ya kai masa, an ce Sallau ya hana kowa. Alhaji yana zaune a kujera, fanka na kaɗawa, ya ce, "Sallau, na ji ba ka taimakon 'yan'uwanka."

Ya ce, "Wane irin taimako, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya ce, "Kada ka mai da ni yaro. Ni ban ce ka yi komai ba. Amma in kwangilar nan ta tafi, abincin kowa ya tafi, har naka."

Kun ji irin maganar manya? Ni ban ce ka yi komai ba. Yana so a yi, ba ya so a ce shi ya sa.

Sallau mutum ne mai kunya, bai taɓa ɗaga ido ya dubi Alhaji ba. Ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda in faɗi wata magana. Yaran nan ba don daɗi duka suke sha ba. Ana sauke kaya a ce su juya, ba kwana, ba hutu. Wanda ya tsaya ya yi barci a yi masa faɗa a gaban jama'a, ni shaida ne. In da za a sa direba biyu a mota, ko a bar mutum ya kwana, da yawansu za su bari."

Alhaji ya ce, "Yau kai za ka koya mini yadda zan riƙe dukiyata? Ajiye makulli a nan."

Sallau ya ajiye makulli. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, na ci arziki a gidan nan." Ya fita ya ɗauki tabarmarsa da butarsa daga cikin mota, ya tako gida a ƙasa.

Masu gwaji suka zo. Wasu daga masu kwalaben aro aka gane su, wasu suka tsallake, suna fitowa suna tafa hannu kamar sun ci gasa. Sun ci wa? Ku gaya mini, sun ci wa? Barau kuwa bai roƙi kowa ba bayan Sallau. Ya shiga ya ba da nasa, aka samu abin da aka samu, aka sauke shi daga mota a gaban yaran da yake ja wa salla.

Sai gari ya ɗauka. Ba wanda ya zagi mai kemis. Ba wanda ya zagi Alhaji. Sallau aka sa a gaba, don an gane har Barau ya hana abin kwalba: butulu, wanda ya tona asirin maigidansa. In ya zo wucewa ta majalisa sai a yi shiru. Mai shayin da ke ba shi kujera ya daina amsa gaisuwarsa sosai. Wannan hali namu yana ba ni haushi, jama'a. Mun fi jin zafin wanda ya ƙi rufa mana ɓarna a kan wanda ya jefa mu a cikinta.

Shi kuwa bawan Allah bai ce wa kowa uffan ba. Bai ce ai roƙona ya yi na ƙi ba, bai ce ai ni ma an kore ni ba. Kullum da safe sai ya tafi ƙofar gidan Barau ya yi sallama. Iya Dije, matar Barau, ta fito ta ce, "Me kuma ka zo nema? Wanda ka yi bai isa ba?" Ya durƙusa ya ce, "Iya, gaisuwa na zo yi." Ta ce, "Ba ya son ganinka." Ya ce, "To, a gaishe shi." Gobe ya dawo. Jibi ya dawo. Ya ga tulunansu ba ruwa, ya ɗauki jarka ya ɗebo ya ajiye a soro ya tafi.

A ciki kuwa Barau, don baƙin ciki da zuciya, ya kwashe sauran ƙwayar ya watsa a masai, ya ce ya bari daga yau. Ku da kuka san abin, kun san ba a barinsa haka dare ɗaya. Jiki ya ɗau rawa, gumi kamar an kwara masa ruwa, amai, gudawa, ƙafafu suna harbawa. Wata safiya Sallau ya yi sallama, sai Iya Dije ta fito ba mayafi, ta ce, "Sallau, shigo, zai mutu."

Ya shiga ya tarar da maigidansa a ƙasa, ya ɓata jikinsa. Ya ce wa Iya ta kawo ruwan ɗumi ta fita. Shi ya wanke shi, shi ya canza masa kaya, ya goya shi a baya zuwa bakin titi, ya tare keke mai ƙafa uku suka tafi asibiti. Barau yana a bayansa yana cewa, "Sauke ni, ba na so, sauke ni." Sallau ya ce, "To, Maigida, mun kusa." Bai sauke shi ba.

Likita ya yi faɗa, ya ce ai a hankali ake janye irin wannan. Aka kwantar da shi, aka duba bayan nan da ya daɗe yana ciwo, aka sa shi a magani na gaskiya. Sallau ne a gindin gado. Ya samu aikin jan wata tsohuwar tifa mai ɗebo yashi a cikin gari, in ya tashi aiki ya wuce asibiti da tuwon da Asabe ta tuƙa. Barau yana karɓa yana ci, amma ba ya magana da shi. Aka daɗe a haka.

Rannan da hantsi, bayan an sallame su, suna zaune a inuwar ƙofar gida, Sallau yana yanke masa farce. Sai Barau ya ce, "Sallau."

Ya ce, "Na'am, Maigida."

Ya ce, "Na ce maka ban taɓa kayar da mota ba. Gaskiya ne. Amma akwai tafiyar da nake isa masauki in zauna ina tunani, ta ina na biyo? Garuruwa guda guda sun ɓace mini, ban san na wuce su ba." Ya ce, "Bara, da damina, na tsaya shan mai, na zagayo gaban mota na ga jini a jikin ƙarfe. Ban ji na bugi komai ba. Na ɗebo ruwa na wanke, na ce akuya ce. Sallau, har yau ban sani ba ko akuya ce."

Sallau ya ajiye rezar yankan farcen.

Barau ya ce, "Da ka ba ni abin nan, da yanzu ina kan hanya." Sai dattijo ya rufe fuska da hannun riga yana kuka. Sallau ya ce, "Maigida, Allah mai gafara ne. Kawo ɗaya hannun."

Na ga kuna jira in ce Alhaji ya zo ya ba da haƙuri, ya miƙa wa Sallau makullin sabuwar mota. Bai zo ba. Kullum ku sai an biya mutum a gaban idonku sannan ku yarda ya yi daidai. Barau ya warke, aka sake gwada shi ya fita tas, amma da kansa ya ce ya bar doguwar hanya, ya koma koya wa matasa tuƙi. Sallau kuwa a tifar yashin nan ya ƙare, har ƙarfinsa ya tafi. Wasu a garin har ya mutu suna ce masa butulu. Barau ne ya yi masa wanka.

To, ni da ku nake, ba da mutanen wancan gari ba. An kawo irin wannan gwaji tashar nan, kuma na ji abin da ake yi, kada ku zaci ba ya zuwa kunnena. Kai direba, wanda kake ɓoye wa ba mai gwaji ba ne. Shi ya gama aikinsa ya tafi gida. Wadda kake cuta ita ce matar da ta shiga motarka da goyo ta ce bismillah ta miƙa maka ranta, da tsohon da ke tsallaka titi da buhu a ka. In abin ya kama ka, ba ka fi ƙarfin magani ba, je ka faɗa tun kana da ƙafar zuwa. Kai mai mota, da ke zaune a sahun gaba kana gyaɗa kai kamar ba da kai ake ba: in ka hana mutum barci, ka ce sai ya isa, kai ka sa masa ƙwayar a baki, ko da ba ka taɓa riƙe ta ba. Za a tambaye ka. Kai kuma mai jiki lafiya da ake bi da kwalba, kana cewa ai zumunci ne, ai kunya nake ji: duk abin da motar nan ta taka, da sa hannunka.

Taimako ba shi ne ka ba mutum duk abin da ya roƙa ba. Wani lokacin sai ka hana shi, ya zage ka, gari ya zage ka, sannan ka koma ƙofar gidansa da safe ka yi sallama, ka goya shi in ya faɗi. Hanawar kaɗai ba ta isa ba, ku ji da kyau, don wasunku sun iya hanawa su juya baya su ce sun yi gaskiya. Sallau ya hana, kuma bai tafi ba.

Allah ya shirye mu, ya kai kowa gidansa lafiya, shi da waɗanda ya ɗauka. Wanda ya san ba shi da idon tuƙi yau, ga tabarma nan a masallaci, ba wanda zai kore shi. Ya kwanta.